Ragowar Balaraba

Mardiyya ce ta fara ganin hoton, ta ce in akwai irinsa a kasuwar Maraɗi a yanko mata turmi guda. Ba laifinta ba ne. Abin da ke kan fuskar kwamfutar Fiddausi ya yi kama da atamfa mai tsada: fage baƙi wuluk, an yayyafa masa ɗige-ɗige shuɗɗa, ga kuma zobba kore da ja sun yi wa wani abu ƙawanya, mai siffar ƙwayar kankana da ɗan tsini a gindi. Mardiyya matar Ado ce, babban ɗan gidan, kuma tun da aka kawo ta ba a taɓa wucewa da zane mai kyau ta gabanta ba ta kai hannu ba.

"Ba na saidawa ba ne," in ji Fiddausi. "Aikina ne."

Maigidan, Zakari, yana zaune a inuwar itacen bedi yana ɗaure tiyon ban-ruwa da ya tsage. A da masunci ne, har gwiwoyinsa suka ƙi sanyin tafki, ya koma lambu yana noman albasa da tumatir da zogale. Fiddausi autarsa ce, wadda boko ya tafi da ita har Yamai, inda take aiki a wani ɗakin bincike. Duk wanda ya taɓa zama da Zakari a ƙofar masallaci ya san 'yarsa tana bincike. Abin da take bincikawa ne ba a taɓa ji daga bakinsa ba, don shi ma bai sani ba.

"Kawo in gani, Auta."

Ta kawo, ta durƙusa a gefen tabarma. Ya goge hannu a riga, ya ƙura ido, ya ja kai baya yadda tsofaffi ke yi wa waya.

"Mi ne ne wanga?"

"Tsargiya ce, Baba."

Tsargiya kam ya san ta. A Madarumfa wa bai san ta ba? A zamanin ƙuruciyarsa yaron da bai yi fitsarin jini ba gani ake bai fara girma ba, har tsokanarsa ake yi a bakin ruwa. Sai dai tsargiyar da ya sani ba ta da kore da shuɗi.

Fiddausi ta bi masa abin daki-daki. Wannan mai tsinin ƙwan tsutsa ne. Tsutsar daga ruwan tafki take shiga ta fata, ta samu jijiya ta zauna tana zuba ƙwai, wasu su fita da fitsari, wasu su maƙale a naman mafitsara. Duk abin da ya kewaye ƙwan kuwa sojojin jiki ne, ƙwayoyin da Allah ya ajiye wa mutum don su tsare shi. Launin ba nasu ba ne, rini ne. Akwai magungunan da ake zuba wa naman, kowanne ya je ya kama irin sojan da aka yi shi dominsa, in an haska masa wuta ya yi ƙyalli. Korayen su ne masu haɗiye abokin gaba, jajayen kuma masu kiran gayya. Madubin hangen ƙananan abubuwa da ya ɗauki hoton yana can ƙasar Turawa, shi kaɗai ya cinye tebur guda, kuma ba daga sama yake kallon nama ba. Shiga yake yi hawa-hawa da wani siririn haske, ya ɗauki kowane hawa, sannan a jera su wuri ɗaya. Ta sa yatsa ta juya hoton, sai ƙwan ya juyo da bayansa, sojojin duk suka juya tare da shi.

Zakari mutum ne mai son kokawa, in ana gasa ba a raba shi da rediyo ko a lambu. Ya ajiye tiyo, ya gyara zama.

"To wa ya kada wani?"

"Ba wanda ya kada wani. Ƙwan ya daɗe da mutuwa, su ne ba su bari ba. Shekara da shekaru suna dukan wuri guda, naman shi kumbura, shi yi tabo, shi sake kumbura. Daga ƙarshe wurin shi gaji, shi rikiɗe shi zama ciwon daji. Abin da nike nema shi ne daidai inda faɗan ke ɓaci, ko a samu yadda za a ce musu ya isa."

"Sojan da ba shi jin ya isa," in ji Zakari. "Mun san irinsu." Ya ƙara duba hoton. "Jikin wa ne?"

Don ta faɗa masa Fiddausi ta zo da hoton, tun daga Yamai take shirya maganar a cikin mota, amma da ta neme ta yanzu sai ta rasa farkonta.

"Na Inna ne."

Mardiyya ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Balaraba, matar Zakari, ta rasu damina uku da suka wuce. Sun haura shekara talatin tare, kuma rabin shekarun nan ƙafarta a cikin ruwan tafki ta yi su, ko wanki, ko gyaran kifi, ko ɗiban ruwan lambu kafin a sayi inji. Da ciwon ya kwantar da ita aka kai ta asibiti a Maraɗi, likita ya ce za a ɗebi ɗan nama a auna. Zakari yana wurin, da kunnensa ya ji, ya ce to. Ita ma ta ce to, har ta ƙara da cewa su ɗiba, ai ba wurin da take gani ba ne. Da Fiddausi ta tambaye ta ko a riƙe sauran don bincike, ta ce in zai hana wata irin wannan kwanciya a riƙe. Wannan ma a gabansa aka yi. Ba wanda ya ɓoye masa komai. Shi dai a tunaninsa awo cinye abu yake yi. An sha ɗiban jininsa, bai taɓa jin an ce ga sauran ba, sai ya ɗauka nama ma haka ne, a auna ya ƙare.

"Kina nuhin har yanzu akwai shi?"

"Akwai. Bai kai ƙwayar wake ba. An sa shi cikin kaki irin na kyandir don kar shi lalace. In ana son dubawa sai a fere kaɗan, ya hi ɓawon albasa siranta, a ɗora bisa gilashi."

"Ina shike?"

"Yamai, a labo ɗinmu, ɗakin binciken. Wanda anka fere ne na tahi da shi Turai."

Zakari ya ɗauki tiyonsa, ya dube shi, ya sake ajiyewa. Balaraba dai a rayuwarta iyakarta Maraɗi, sai Jibiya da ta taɓa zuwa biki. Yanzu ga ta zaune a Yamai ba da saninsa ba, har ta ƙetare teku ta dawo.

"Anka yi mata wanka, anka sa ta likkahani, munka yi mata salla," ya ce a hankali. "Ni na shiga ramin na karɓe ta da hannuna. Ashe ba duka munka kai ba."

"Baba, ɗan abu ne hwa."

"Ko farce anka yanke, biznewa akai. Ki maido ta."

Washegari bayan azahar ya tsare liman, Malam Mansur, da niyyar ya samo sandar da zai koma gida da ita. Malam Mansur kuwa irin malaman nan ne masu ba kowa gaskiyarsa, shi ya sa ba a cika tashi daga gabansa da farin ciki ba. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi girman naman, aka nuna masa a kan yatsa. Ya ce abin da aka yanke daga jikin mai rai binne shi ya fi, don girmama ɗan Adam. Ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, ko'ina cikin maƙabarta ya wadatar. Zakari ya fara neman takalmansa. Sai malamin ya ci gaba da cewa amma tunda mai shi ta yarda da bakinta, kuma akwai amfanin jama'a a ciki, malamai da yawa sun yi sauƙi a irin wannan, barinsa ba zunubi ba ne.

"To wanne zan ɗauka, Malam?"

"Wanda zai bar ka ka samu barci."

"Na bisa gilashin hwa, wanda ya tahi Turai?"

"Abin da ido ba shi gani sai da na'ura, bar wa Allah. Mai tada ƙasusuwa ba gilashi ne zai gagare shi ba."

Zakari ya ɗauki rabin farko na fatawar ya kai gida, ya bar wa liman sauran.

Fiddausi ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce tana da naman mutane da yawa, amma kowanne gefe guda na labarin yake nunawa, wani tabo kaɗai, wani ciwon daji kaɗai. Na Inna ne kawai ya haɗa hanyar tun daga tsohon tabo, zuwa kumburi, zuwa inda abin ya juye, duk a cikin abin da bai kai wake ba. Ta ce akwai sabon rini da za su samu baɗi, mai nuna sojoji iri-iri a lokaci guda, in aka binne naman ba za a taɓa ganin abin da zai nuna ba. Ta ce yaran da ke wanka a tafki yanzu haka, wasunsu hanyar Inna suka kama. Daga nan sai hawaye.

Kukan Fiddausi ya fi komai dukan Zakari, don a cikin 'ya'yansa ita ce ransa, kuma kowa ya sani. Ya ji ciwo, ya ji kunya, ya kuma san ba ƙarya ta faɗa ba. Amma tun da ya ji maganar nan abinci ya daina wuce masa. In ya sunkuya a kan albasa sai ya ga Balaraba kwance a ƙasa da ɗan gurbi a jikinta, shi kuma yana yawo a duniya yana cin tuwo. Aikin ƙarshe da miji ke yi wa matarsa ke nan, ya ɗauka ya gama shi da kyau, ashe da saura.

Garin kuma bai taimaka ba. Kafin a kwana biyu labarin ya kewaye Madarumfa, ya yi ƙiba a hanya. Ƙwayar wake ta zama ƙoda, ƙoda ta zama ƙafa guda. Mutanen da ba su leƙo Balaraba ba duk tsawon jinyarta, su ne yanzu suka fi kowa damuwa da cikar gaɓoɓinta, suna zuwa jaje da fuskar tausayi da kunnen gulma. Wata ma ta tambayi Mardiyya ko gaskiya ne an ga marigayiyar a talabijin. Gambo ne kaɗai ya yi magana mai daɗin ji. Abokin Zakari ne tun suna raba kwalekwale ɗaya, yana kuma cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Ya ce shi dai ya yi shekara yana neman takardar tafiya Umara bai samu ba, ga Balaraba ta shiga Turai ba a ko tambaye ta hoto ba.

Ranar da Fiddausi za ta koma ta zo ta durƙusa.

"Zan maido ta, Baba. Amma ka bari in ƙara fere kaɗan kahin nan, in aje."

"An fere ta ya isa."

Ta ce to. Yarinyar ba ta iya cuta ba, shi ne abin haushin. Da wata ce da ta fere abinta a can, wa zai sani?

Abin ya ɗauki watanni, don ashe fitar da nama daga ɗakin bincike ya fi shigar da shi wuya. Sai shugabanta ya yarda, sai wani kwamiti ya zauna, kwamitin kuma bai taɓa jin wanda ya zo neman a mayar masa da irin wannan ba, sai da ya zauna don ya gano ko shi ne ya kamata ya zauna. Zakari yana kiranta a waya, ya tambayi lafiya, ya tambayi aiki, ya yi shiru. Ita kuma ta ce ana nan ana bi. An cire albasa, an kai kasuwa, zafi ya shigo, sannan wata safiya mai kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gida da jaka ɗaya.

Bayan ta sha ruwa ta buɗe jakar, ta fito da wani ɗan akwatin roba fari, bai kai gidan ashana ba. A bayansa kaki ne a daskare kamar guntun sabulu, a tsakiyar kakin kuma wani ɗan ɗigo ruwan ƙasa. An rubuta lamba da fensir a gefe. Zakari ya karɓa da hannu biyu. Ya yi zaton zai ji nauyi, bai ji komai ba.

"Kar a bar ta a rana," in ji Fiddausi. "Kakin laushi shikai."

Ta shige ɗaki. Mardiyya ta yago ƙyallen farin yadi sabo, ya naɗe akwatin, ya sa a aljihun ƙirji. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka Gambo ya aika wa. Gambo ya zo da fartanya a kafaɗa, ya dubi aljihun, ya dubi fartanyar, ya ce ko da cokali ya zo ai da ya isa.

Suka kama hanya da hantsi, Zakari yana bin gefen da ke da inuwa, hannunsa ɗaya a ƙirji kamar mai rantsuwa. Masu amalanken jaki suka gaishe su, ya amsa da ka.

Maƙabartar tana bayan gari, fili ne mai faɗi da 'yan kalgo nan da can. Ba irin kaburburan waliyyan bakin tafki ba ne, waɗanda aka kewaye da duwatsu, ake zuwa musu ziyara har daga Najeriya. Nan talaka ake kawowa, a tara masa ƙasa, a kafa kasko ko reshe a wajen kai, a juya. Haka aka gada, haka kuma Zakari yake so. Ya sha faɗa cewa masu zuba siminti a kabari da rubuta suna alfahari ne ya bi su har lahira. Ranar Juma'a yakan zo, ya tsaya a bakin shiga, ya fuskanci wajen da ya san an sa ta, ya yi mata addu'a tare da sauran Musulmi, ya koma. Bai taɓa buƙatar fiye da "wajen can" ba.

Yau da suka isa wajen can, sai suka tarar ba komai a wurin sai ƙasa. Daminar bara ruwa ya kwanta a maƙabartar har gwiwa, ya daɗe bai janye ba. Ya baje tudun kaburbura, ya kwashe rassan, ya tara kasake a gindin wata geza kamar an share tsakar gida. Abin da ya rage ɗan tashi ne da ɗan faɗawa, wanda in mutum ya so zai iya kiransa kabari, in bai so ba ya kira shi tsohuwar kunya.

"Kusa da kalgo ne," in ji Gambo. "Na tuna na rataya rigata."

Suka duba. Kalgo dai ga shi nan ko'ina, kowanne kuma ana iya rataya masa riga.

Gambo ya yi gaba, ya dawo, ya tsaya ya juya wa gari baya yadda ya ce ya tsaya ranar, ya nuna da fartanya.

"Nan ne."

"Nan Hamisu mahauci ne."

"Hamisu ya riga ta da kaɗan, yana gabas."

"Nan ɗin gabas ne, Gambo."

"Gabas da mi?"

Zakari ya matsa daga wurin. Hamisu mahauci shi ne ya fara neman auren Balaraba kafin Zakari ya shigo da kifi ya kore shi, kuma har ya mutu bai daina ƙara mata tsoka a kan awo ba. Duk garin nan in akwai ramin da Zakari ba zai sa ko gashin matarsa ba, to shi ne.

Suka ci gaba da kewayawa. Gambo ya kawo shaidu da yawa. Ya tuna ƙasar wurin ja ce, ya tuna sun ci karo da saiwa, ya tuna an hango hasumiyar masallaci ta kafaɗar liman. Duk inda suka tsaya ƙasar ja ce, hasumiyar kuma tana nan inda take. Shi Zakari da ya nemi abin da ya tuna, sai ya samu ba kalgo a ciki, ba gabas ba yamma. Nauyinta a hannunsa kawai ya tuna, da yadda ta yi sauƙi, da ƙasar da ta zubo masa a wuya lokacin da ake miƙo ta. Ranar bai ɗaga kai ya dubi komai ba.

Rana ta fara zafi. Gambo ya share gumi da hula.

"Malam dai ya ce ko'ina cikin maƙabarta ya wadatar. Mu samu gehe, inda mun tabbata ba kowa."

Zakari ya ce to. Suka koma can bakin fili inda ba a kai da haƙa ba tukuna. Gambo ya sara ƙasa, ya zurfafa har gwiwar hannu, ya gyara gefunan da tafi, don shi ko ramin shuka ba ya yi a karkace. Ya ja baya.

Zakari ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ciro ƙunshin, ya yi bisimilla, ya miƙa hannu cikin ramin. Sai ya dawo da hannun, ya warware ƙyallen don ya ƙara gani sau ɗaya.

Ɗigon yana nan a tsakiyar kakinsa. Zakari ya dube shi, ya ɗaga kai ya dubi filin da suka gama kewayawa. Matar da ya zauna da ita shekara talatin da wani abu tana cikin filin nan, amma ko za a yanka shi ba zai iya nuna inda take ba. Duk faɗin duniya abu ɗaya ne ya rage da zai ɗora wa yatsa ya ce wannan Balaraba ce, ba ya tsoron kuskure, kuma shi ne a tafin hannunsa. In ya sa shi a ramin nan, damina ɗaya ta ishe shi ya bi sauran. Baƙin ciki ya taso masa irin wanda bai ji ba ko ranar jana'iza, don ranar akwai mutane, akwai aikin yi. Ya zo ne ya cika ta, sai ya ga saura kaɗan ya ƙarasa rasa ta.

Gambo ya jira. Mutum ne mai surutu, amma ya san lokacin da ake barin masunci da ruwansa. Da jiran ya yi tsawo ya ce, "Rana na yi, Zakari."

Zakari ya naɗe ƙyallen, ya mayar aljihu, ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Rufe ramin."

Gambo ya dubi ramin, ya dubi aljihun, ya mayar da ƙasar, ya daddanna da ƙafa. Sai da suka fita daga maƙabartar ya ce, "In an tambaya mi za mu ce?"

"Ka ce mun je."

A gida Fiddausi tana zaune a ƙofar ɗakin uwarta, idanunta sun kumbura, jakarta a ɗaure, don da motar yamma take son juyawa. Ta yi masa sannu da zuwa ba ta dube shi ba. Ya zauna a tabarmarsa, ya sha ruwan da Mardiyya ta kawo, ya jira Mardiyya ta koma madafa, wanda ya ɗauki ɗan lokaci.

"Auta."

Ta taso ta durƙusa.

"Can wurinku, ina kuke aje ta?"

Fiddausi ta ɗago. "Cikin durowa, Baba. Ɗaki ne mai sanyi."

"Ita kaɗai?"

"Da wasu. Amma kowa da gurbinshi, da lambarshi."

"Ba ta ɓace muku?"

"Ko ido rufe ina iya ɗauko ta."

"Ruwa ba shi shiga?"

"Bene ne."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro ƙunshin, ya kamo hannunta ya ɗora mata a tafi, ya rufe yatsunta a kai.

"Ban gane wurin ba," ya ce. "Mun kewaya ni da Gambo har rana ta yi. Ina tsaye ban sani ba ko bisa kanta nike, ko bisa wani."

Hawaye suka zubo wa Fiddausi a kan farin ƙyallen, ta yi sauri ta kare shi da gefen mayafi.

"Ki maida ta inda kinka san tana nan. In za ki fere, ki fere kaɗan-kaɗan. Kar ki ƙarar da ita."

"To, Baba."

Ya dubi hannunta.

"Ran Juma'a kuna buɗewa?"

"Muna buɗewa. Har azahar."

"Ana barin baƙo shi shiga?"

"In na roƙa, za a bari."

"To ki roƙa," in ji Zakari. "Sai in kamo motar Alhamis."